Kunnen da Ke Sauraron Gyaɗa

Shekaru masu yawa ni ne mai tsaron ƙofar kamfanin matsar man gyaɗa da ke bayan garin Kankiya. Buhu ba ya shiga sai da yardata. Aikina shi ne in damƙo gyaɗa, in rufe ta cikin tafukana, in kaɗa kusa da kunne. Wadda ta bushe sarai, amonta tas yake fita, kamar tsakuwa a ƙwarya. Mai sauran danshi kuwa muryarta a dushe take, ita ce kuma ke ɓata mai. Manoman Kunduru da na Fakuwa sukan jeru da amalankensu tun da hantsi, suna duban fuskata kamar ta alƙali.

Da aka tashi rufe kamfanin, ba a yi mana dogon bayani ba. An ce injuna sun tsufa, wuta kuma ba ta samuwa. Muka watse. Waɗansu suka kama acaɓa da furfurarsu, ni kuwa na koma Kusada na zauna. Har yau, in maƙwabta suna suyar gyaɗa, sai in ji ƙafata tana neman hanyar Kankiya.

Bara da kaka, wani manomin Kunduru, tsarana, wanda na sha mayar wa da kaya, ya yi sallama a zaurena. Ya zazzage gyaɗa daga aljihunsa a kan tabarma.

"Sarkin ƙofa, ashe kana nan da ranka? Masu saye na yanzu sikeli kaɗai suka sani. Saurara mini wannan, in ji ko har yanzu ni manomi ne."

Na ce, "Kai da ba ka taɓa iya shanya ba?"

Na ɗiba, na kaɗa a kunnen dama. Shiru. Na koma na hagu. Ina jin motsinta a tafina, amma amo bai iso ba. Shi kuwa ya zuba mini ido yana jira. Da na ce ta yi, da ya tafi da murna, ba kuwa mai sani. Sai dai ban taɓa yanke wa gyaɗar da ban ji ba hukunci.

Na ce, "Malam, kunnen ya tafi."

Sai ya shiga tsince gyaɗarsa, ƙwaya-ƙwaya.

"To, yanzu wa zan kai wa?"

Na dai ɗauki sandata, na raka shi har bakin hanya.