Fedar Faransa a Keken Babana

Abin da babana ya bar mini ke nan, baƙin keke ƙirar Ingila, mai birkin ƙarfe da sirdin fata. Da shi nake zuwa koyarwa Gagarawa daga Gumel, shekarun da aka daina fam da sule. Na yi wa kaina alkawari ko noti ba zan sauya masa ba.

Sai ga ɗan kawuna, abokin wasana, direban motar kasuwa. Mutumin nan bai mallaki keke ba, amma ya fi mai faci surutu a kan kayan keke. Kullum ya zo sai ya tsuguna ya ƙare wa nawa kallo.

"Kai bawana, wannan feda ce ko dutsen niƙa? Je ka Maigatari ka ga ta Faransa. Ka kaɗa ta da yatsa, ka je ka yi alwala ka dawo, tana nan tana juyi!"

Na ce masa tawa robarta kauri gare ta, ƙafa ba ta zamewa ko da damina. Ya ce ƙauyanci. Na ce na ji, a bar mini.

Ran wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da shi a zaure, gumi sharkaf, sufana a hannu. Wai gudummawa ya kawo mini: ya cire fedodina, yana ɗaura na Faransa. Fedar dama ta shiga rabi ta cije a karkace, shi kuwa ya taka sufanar da ƙafa har ramin da take shiga ya lalace. Wallahi na ji kamar in shaƙe shi.

"Ina tsofaffin?"

"Ai wani Badamagare mai sayen tsofaffin kaya ya yi ta roƙo, na ba shi."

Ka ji fa! Wanda aka haifa cikin kayan Faransa ya san abin da ya wawura.

Muka tura keken wajen tsohon da ke gyara a bakin kasuwa. Ya shafa ramin da ɗan yatsa, ya girgiza kai.

"Malam, haƙoran Faransa da na Ingila ba sa haɗuwa. A ido ɗaya ne. Ita tasu sauƙi gare ta, taku kuwa sai ta binne mai ita. Yanzu sai dai walda."

Aka like ta da walda. Ɗan kawuna har yana cewa ai ga shi tana sheƙi.

Da na shigar da keken gida, innata na tankaɗe a tsakar gida. Ban taɓa zaton ta san feda da kaca ba. Ta ɗago ta duba ƙasan keken, ta daɗe.

"Waccan tsohuwar fedar ta dama, gefe guda ta cinye," in ji ta. "Haka babanka yake taka ƙafa."

Ta ci gaba da tankaɗenta.