Zakaran da Aka Yanka Mini a Ruwan Godiya

Mun so tashi da asuba, amma direbanmu ya ce hanyar Kankara zuwa Sheme yanzu ba ta sammako ba ce, sai rana ta fito an ga motocin kasuwa sun fara wucewa. Mu uku ne: ni, ƙanena, da direban. Gwaggonmu za mu kai wa magani a Sabuwa. Ranar Juma'a ce, cikin azumin kwana arba'in da mu Katolika muke yi kafin Ista, kuma a irin wannan Juma'ar ba ma cin nama.

A Mabai muka tsaya shan koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har ƙanena ya tambayi mai suyar ko shi ma azumi yake. Daga nan hanya ta yi shiru. Gonaki a share ana jiran damina, amma wasu ƙauyukan babu hayaƙi, babu ko akuya a bakin titi.

Ni na ce mu ratse Ruwan Godiya mu gaida wani dattijo, aminin mahaifinmu tun lokacin da marigayin yake malamin asibiti a garin. Baba Alhaji muke ce masa. A da garken shanunsa sai ya tare hanya. Ɓarayin daji sun kore su duka, turakun kawai muka tarar. Ya rame, amma da ya gane mu sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya sa aka zagaya da mu tsohon asibitin da gidan da aka haife ni, muka daɗe muna gaishe-gaishe.

Da muka dawo zaure, Hajiya, uwargidansa, ta aiko da tuwon dawa da kwano a rufe. Na buɗe, sai ga farfesun zakara. Ashe muna fita ya sa aka yanka, kuma daga baya direba ya gaya mini shi kaɗai ne zakaran da ya rage a gidan.

Ban yi dogon tunani ba na ce, "Baba, a gafarce mu, yau Juma'ar azuminmu ce, ba ma cin nama."

Sai ya ce, "Af, lokacin ya zo ashe. Babanku shi kan aiko tun Laraba, sai a dafa mai wake. Tsufa ne, na manta."

Ya sa aka dama mana fura. Direba, da yake shi ba Katolika ba ne, ya ci naman yana santi don ya rufe mana kunya, amma na ga Baba Alhaji bai sa hannu a kwanon ba. Da muka shiga yi wa Hajiya sallama, ta yi mana addu'a sosai, ba ta ɗago ta dube mu ba.

Muka wuce Sheme muka nufi Mairuwa. Bakin dam ɗin Mairuwa ana sayar da soyayyen kifi, wanda ya halatta mana, ƙanena ya saya, ni na kasa ci. Muka bi ta Funtuwa da Dandume, shingen jami'an tsaro bayan shinge, muka isa Sabuwa bayan la'asar.

Mun tarar Gwaggo ta dawo daga addu'ar Hanyar Gicciye a ɗan cocinsu, tana dogara sanda. Na ba ta labari ina jiran ta ce na kyauta.

Ta ce, "Kai a ganinka don nama ƙazanta ne muke barinsa? Don yana da daɗi ne. Ranar Juma'a Almasihu ya ba da jikinsa, shi ne muke hana namu jikin abin da yake so, abin da muka rage mu kai wa mai yunwa. To kai yau wa ka ciyar? Talaka ne ya yi asarar zakaransa saboda kai."

Na ce, "To da sai in ci, Gwaggo?"

"Da ka faɗa tun a bakin ƙofa. Tunda ba ka faɗa ba, da ka ɗauki tsoka ɗaya ka yi godiya, ka je coci ka gaya wa Fada, ka hana kanka wani abin gobe."

Washegari na sayi zakara da kaji biyu a Sabuwa don in sauke wa Baba Alhaji. A Funtuwa aka ce an tare hanyar Sheme da safe, dole muka zagaya ta Malumfashi, muka shigo Kankara da kajin suna kuka a bayan mota. Na yi ta kiran wayar ɗansa, ba ta shiga.

Na girma ina kiyaye Juma'ar azumi, ban taɓa tambayar don wa nake yinta ba sai a wannan tafiya. Kajin suna nan a tsakar gidana, matata na zuba musu dusa. Kullum da safe ina zuwa tasha in tambaya ko an buɗe hanya.