Damaris a Teburin Ganyen Ayaba

Duk wanda ya taɓa shiga cocin nan da ke cikin tsohon ɗakin ajiye kaya a Old Kent Road ya san Damaris, ko bai san sunanta ba ya ci gwatenta. Mutuniyar Bukuru ce, gajeruwa mai faɗin kafaɗa, kullum tana sauri kamar ta bar tukunya a kan wuta. Da ƙuruciyarta ta biyo mijinta Davou zuwa London, shi kuwa bai daɗe ba ciwon hanta ya ɗauke shi, ya bar ta da jariri a flat ɗin council, gidan haya na gwamnati. Ta share ofisoshi, ta wanke banɗakuna, daga baya ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, inda har yau take yi musu wanka tana ba su abinci a baki. Da wannan wahalar ta raini ɗanta Zion, kuma ba ta da kowa a duniya sai shi.

Yana ɗan sakandare ya taɓa shigowa da abokansa ba zato, suka tarar da ita zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, tana cin tuwon acha da miyar karkashi, tana suɗe yatsu. Yaran suka yi ta dariya, ɗaya har ya kwaikwaye ta. Bayan sun tafi Zion ya tsaya a kanta yana huci, ya ce mata da Turanci abin ƙyama ne, mutane ba sa cin abinci haka. Da wata uwar ce, da ta ɗauke shi da mari. Damaris kuwa haƙuri ta ba shi. Tun daga ranar, in yana gida da cokali mai yatsu take yanka tuwo, miya na zillewa, abinci ba ya shigar ta. Sai ya fita take rufe ƙofar kicin ta ci da hannunta kamar mai sata.

Yaro ya girma, ya samu aiki a banki, ya koma Stratford. Bas ɗaya da jirgin ƙasa ɗaya ne tsakaninsu, amma sai ta yi wata da watanni ba ta sa shi a ido ba. Matan coci suna tsegumi, ita kuwa takan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A bakin wasu ta fara jin yana neman wata nas 'yar Filifin mai suna Maricel, har ana maganar aure. Abin ya yi mata ciwo, ya kuma tsorata ta. Ta ga uwaye a garin nan da aka ɗaura auren 'ya'yansu suna zaune a kujerar baya kamar 'yan kallo, jikoki kuma sai dai a waya.

Ran nan sai ga kiransa. Dangin yarinyar suna son ganin ta ranar Lahadi bayan coci, an yi booking a wani gidan cin abinci nasu a Earl's Court.

"To, ɗana, me zan kai musu? In dafa gwate?"

"No, Mum. Kar ki kawo komai. Just don't embarrass me, please."

Kada ta ba shi kunya, wannan kaɗai ya roƙa, ita kuma ta ɗauki alkawari. Tana aiki da matan Filifin, ta sha ganin su lokacin hutu da cokali a dama, mai yatsu a hagu, don haka ta yanke cewa mutanen ƙa'ida ne. Ta je wurin ƙawarta Janet, wadda ta taɓa aiki a otal, ta koya mata riƙon wuƙa da yadda ake raba kifi da ƙayarsa ba tare da yatsa ya taɓa shi ba. Kifi nawa ta ɓata a kicin ɗinta tana gwaji, Allah kaɗai ya sani.

Ranar ta sha leshinta mai ruwan goro, ta kafa ɗauri. Ta tarar da dangi sun cika wurin, ana ta hayaniya da raha. Uwar yarinyar, Nenita, dattijuwa mai fara'a, ta rungume ta kamar sun saba. Damaris na tsaye ta ga Zion ya sunkuya, ya kama hannun Nenita ya ɗora a goshinsa, irin gaisuwar da suke yi wa manya. Yaron da bai taɓa rusuna mata ba. Ta haɗiye abin, ta ce a ranta ai alheri ne ɗanta ya iya ladabi, ko a gidan wasu ne.

An haɗa tebura sun zama dogo guda, an shimfiɗe shi da ganyen ayaba tun daga wannan kai har wancan. Babu faranti, babu cokali. Damaris ta ɗauka ma'aikatan ne suka yi sakaci, ta kuma ga dama ta samu da za ta nuna ita ma ta san yadda ake zaman tebur. Ta ɗaga hannu a hankali, kamar yadda Janet ta nuna mata, ta ce wa mai hidima da Turancinta mafi kyau a taimaka mata da faranti, da wuƙa, da cokali mai yatsu.

Hirar da ke kusa da ita ta tsaya cak.

Kafin ta gane abin da ya faru sai ga abinci. Aka zuba shinkafa a kan ganyen, layi guda a tsakiyar tebur, aka jera gasasshen kifi da jatan lande da kaguwa da naman alade a gefenta, ga yankakken mangwaro. Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin wanke hannu. Maricel ta matso ta yi mata bayani cikin ladabi: wannan cin sunansa kamayan, da hannu ake yin sa, kowa daga ganye ɗaya, kuma mahaifiyarta ce ta zaɓe shi don a nuna an zama gida ɗaya. Tana cikin maganar mai hidima ya ajiye farin faranti a gaban Damaris. Wuƙar ma sai da ya shiga kicin ya nemo.

Nenita ta yi wa 'yarta magana da yarensu, sannan ta juyo da murmushi ta ce da Turanci, yadda kowa zai ji, "Ku ƙyale ta. Ba kowa ne ke iya sa hannu a abinci da irinmu ba. Amma dai mun wanke namu."

Damaris ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita da aka haifa a gidan da mutum tara ke zagaye kwano ɗaya, yau ita ake yi wa kallon mai ƙyamar hannun mutane. Ta dubi ɗanta ko zai ce wani abu. Bai ko kalle ta ba. Ya naɗe hannun riga, ya tara shinkafa da kan yatsu, ya dunƙula, ya tura baki da babban yatsa, mai na gangara masa har wuyan hannu. Ya fasa kaguwa, ya tsotse, ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yana lumshe ido. Mahaifin Maricel ya dafa kafaɗarsa yana alfahari, ya ce wa Damaris, "Da ya zo mana bai iya ba. Mu muka koya masa."

Ta tuna lomar da take mulmula masa yana zaune a cinyarta, tana hurawa don kada ta ƙona shi. Ta ce wa mutumin ta gode.

Ta yi ta fama da kifi a faranti, ƙarar wuƙarta kaɗai ke tashi a teburin. Ƙamshin shinkafa mai zafi a kan ganye ya cika mata hanci, ga hannunta na ƙaiƙayi. Daga ƙarshe ta kasa daurewa, ta ajiye ƙarafan, ta miƙa hannu zuwa ganyen. Zion ya riƙe ta a ƙasan gwiwar hannu.

"Mum, ko wankewa ba ki yi ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Leave it. Kin riga kin nuna musu."

"Zion, kai ne fa ka ce kada in ba ka kunya."

"And you did."

Wai ta riga ta ba shi. Ya sake ta, ya bar mata tabon mai a hannun leshi, ya juya ya karɓi jatan landen da Nenita ta ɓare masa.

Da aka cinye, ganye ya koma ƙaya da ɓawo, wata gwaggon yarinyar ta ce a yi hoton dangi kafin a wanke hannu, kowa ya ɗaga nasa a ga shaidar an ci tare. Aka taru a gefe guda ana matsawa ana dariya. Damaris ta miƙe, ta gyara ɗaurinta, tana neman inda za ta tsaya kusa da ɗanta. Gwaggon ta tura wayarta da gwiwar hannu tana tambayar wa zai ɗauka, tunda kowa hannunsa mai ne.

"A ba wa Mum," in ji Zion. "Ita ce hannunta ke da tsabta."

Ta ɗauki wayar. Ta ja baya har sai da kowa ya shiga, Zion a tsakiya, Nenita ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Hoton farko bai fito da kyau ba, suka ce ta sake.