Ranar da Na Zauna a Kujerar Baya

Gusau zuwa Tsafe

Ranar Asabar muka yi sallar asuba, muka shiga mota a ƙofar gida muna jiran gari ya waye, don yanzu ba a bin hanyar Tsafe da duhu. Ƙanena Sani ne ke tuƙi, saboda na gurɗe hannun dama wajen sauke buhun masara a shago. Motar tawa ce, baƙar ƙaramar jif da na saya bara, mai sheƙi, wadda in na faka ta a kasuwa sai mutane sun waiwaya.

Dalilin tafiyar shi ne Hajiya Babba, yayar mahaifiyarmu, tana kwance a Bungudu, jiki ya yi tsanani, kuma sunan Inna take ta kira. Inna tana Tsafe. Sau biyu na aika mata mota ta ce ba ta zuwa, ba ta kuma faɗi dalili ba. Na ji haushi, har na ce a gaban mutane tsufa ya busar mata da zuciya. Allah Ya yafe mini wannan magana. Shi ya sa wannan karon na zo da kaina.

Ina gaba kusa da Sani, na miƙe ƙafa, iskar sanyi tana dukan fuskata. Shingen sojoji biyu muka wuce, suka leƙa suka ɗaga mana hannu. Kafin hantsi mun shiga Tsafe.

Tsafe

Ni ne ɗan farin Inna. Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san ma'anar haka: ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta roƙona komai. Magana in ta zama dole, ta bakin ƙanwata Hadiza take biyowa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Aka kawo koko da ƙosai muka karya.

Na ce, "Inna, yau kam sai Bungudu."

Sai ta ce wa Hadiza, "Ɗauko mini mayafi."

Muna fitowa sai ga Kawu Isa, wan Inna, da sandarsa, shi ma zai je. Babu yadda za a yi babba ya zauna baya yaro yana gaba, don haka na buɗe masa ƙofar gaba, ni na zagaya. Tun da na sayi motar nan ban taɓa zama a kujerar baya ba. Ko ranar ciniki, sitiyari na riƙa, na duba inji, na duba taya, na biya.

Abin da na fara gani shi ne yadda Inna ke shiga. Hadiza ta ajiye mata 'yar kujerar tsugunno ta taka, ta sunkuya sosai don bakin ƙofar ya yi ƙasa, ta ja ƙafar hagu da hannuwanta biyu ta shigar. Sai Hadiza ta naɗe dadduma ta cusa mata a baya. Yadda suka yi abin ba tare da magana ba ya nuna mini sun saba.

Kan hanyar komawa Gusau

Ban yi nisa ba na gane. Gwiwoyina sun tokare bayan kujerar Kawu. Majinginar a tsaye take cak kamar bencin makaranta, ba ta kwantawa ko kaɗan. Wurin zaman gajere ne, rabin cinya a iska. Rufin ya gangaro ta baya, hulata tana gogar sa, sai da na cire ta na riƙe. Hadiza tana tsakiya, ga tudu a ƙasa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Iskar sanyin da nake taƙama da ita a gaba ta tsaya, mu zufa muke yi.

Muka faɗa wani rami, na ji shi har cikin ƙashin bayana. Na ce, "Innalillahi! Sani, a hankali mana!"

Ya ce, "Yaya, ai a hankali nake. Kullum haka take."

Kawu ya waiwayo yana dariya. "Alhaji, wagga mota taka ai gaba aljanna ce. Mi kake ji can baya?"

Na saci kallon Inna. Idonta a rufe, leɓenta na motsi da salati, hannunta ya damƙe hannun Hadiza har jijiyoyi sun tashi. Ni da ƙarfina haka, ina ga mai ciwon ƙugu da gwiwa? Kuma a wannan kujerar nake sa a kawo ta asibiti Gusau duk wata, ina jin daɗi a raina wai na hutar da ita shiga motar haya.

Gusau

Muna shiga gari Inna ta yi wa Hadiza raɗa. Hadiza ta ce, "Yaya, ta ce a sauke ta gidanka. Ba ta jin ƙafarta. Ku je ku gaishe da Hajiya, ku ce ta yafe mata."

Muka tsaya gindin wata bishiya. Na ja Hadiza gefe na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. In an dawo da ita daga asibiti kwana biyu take yi ba ta tashi."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Ta hana. Ta ce yaron ya kashe kuɗinsa, yana murna, kada a ɓata mishi."

Na tsaya a bakin titi kamar wanda aka mara. Bungudu ba ta da nisa daga nan, amma na san ko taku goma ba zan ƙara sa ta yi a motar nan ba.

Muka nufi wurin Malam Bala, dillalin da ya sayar mini da ita. Na ce ya buɗe mini ƙofofin baya na duk wata ƙaramar jif da ke filinsa. Ya ce, "Alhaji, yau kuma direba za ka ɗauka?"

Ta farko ja ce, sabuwa fil. Wurin ƙafa da yalwa, amma kujerar ta nutse ƙasa, gwiwa sama ƙugu ƙasa, da hannu ɗaya da ƙyar na fito. Ta biyu fara, mai layi uku na kujeru, sai dai ta yi tsawo, hawanta sai an ɗaga ƙafa kamar hawan katanga. Ta uku na gane ta. Ruwan toka ce, fentinta ya koɗe, irinta ya nuna mini bara na ce ta yi kama da motar ɗaukar marasa lafiya. Na shiga. Ƙofar faɗi gare ta, kujerar daidai ƙugun mutum, zama kawai za ka yi ka juyo da ƙafa. Ƙasan a shimfiɗe, ba tudu. Malam Bala ya ja wani ƙarfe majinginar ta kwanta baya. Ga kuma ƙofar iska tana hurowa daga tsakiya.

Na ce wa Hadiza, "Roƙe ta ta gwada. In ba ta yi ba, gida za mu."

Inna ta zo tana dogara da Sani. Ta zauna, ta juyo da ƙafafunta da kanta. Ta ɗan jingina, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce wa Hadiza, "Ce mishi mu tafi."

Bungudu

Na bar wa Malam Bala makullin baƙar a matsayin jingina. Yanzu ma baya na zauna. Kafin mu wuce shingen bayan gari Inna ta yi barci, kanta a kafaɗar Hadiza. Kawu ya ce wa Sani ya kashe rediyo.

Mun isa bayan azahar. Hajiya Babba ta rame ƙwarai, ba ta gane mu ba. Amma da Inna ta zauna bakin gadon ta kama hannunta, sai ta buɗe ido ta ce, "Auta, kin zo?" Inna ta ce, "Na zo, Yaya." Na fita waje, don ban so a ga fuskata. Aka kawo mana fura da nono, na kasa sha.

Komawa

Inna ta ce za ta kwana biyu wurin yayarta, Hadiza ta zauna da ita. Da na je sallama na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Ba ta kalle ni ba. Ta ce wa Hadiza, "Allah Ya yi mishi albarka. Ce mishi in zai aiko da mota, wannan ɗin zai aiko."

Mun shigo Gusau kafin magariba. Na kira Malam Bala na ce ya nemi mai sayen baƙar, gobe zan zo mu yi maganar ruwan tokar. Na gode wa Sani da ya tuƙa mu, na gode wa Kawu Isa da ya hau gaba, na gode wa Allah da Ya kai Inna ta sami yayarta da rai, Ya kuma dawo da mu gida lafiya.