Hoton Yaya da Bindigar Iska

Ni na ɗauki hoton, ni kuma na tura shi. Gara in faɗi wannan tun da fari, don duk wanda ya san ni ya san ina da saurin ɗora wa wani laifi, amma a wannan karon na duba gabas na duba yamma ban ga wanda zan ɗora wa ba.

Yayana mai gyaran agogo ne a Talata Mafara. Da kasuwar agogo ta ja baya sai ya haɗa da gyaran waya, a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa zama a ciki sai gwiwoyinsu sun gaisa. Mu biyu ne maza a wurin Inna, a Tsibiri ta ƙasar Maradun aka haife mu, kuma kamar da gangan aka raba mana hali. Ni malamin firamare ne, bakina ba ya hutawa. Shi kuwa sai ka wuni da shi bai yi magana goma ba. Abin da Allah ya ba shi hannu ne. Zai ɗauki noti ɗan mitsitsi da hantsaki ya sa shi a gurbinsa, ana ta hayaniyar kasuwa a kansa, hannun ko gezau. Kowace Juma'a da safe yakan hau babur ya tafi Tsibiri ya gaida Inna, ya yi salla a can, ya dawo kafin la'asar. Ko ranar da matarsa ta haihu bai fasa ba. Inna ta ƙi barin garin duk da halin da ake ciki, ta ce inda aka binne mijinta nan za a binne ta.

Wani dattijo da ke koyar da wasan harbi a Gusau ne ya kawo masa agogo gyara, ya tsaya yana kallon hannunsa. Da aka gama sai ya sa aka cika kofin shayi har baki, ya ce Yaya ya miƙe hannu da shi ya riƙe. Suka yi ta hira, shayi bai zuba ba. Daga nan Yaya ya fara zuwa Gusau duk ranar Lahadi.

Dariya na yi har da riƙe ciki. Wasan harbi, a Zamfara! A ƙasar da in an ji ƙarar bindiga uwa ke fara kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Amma Yaya ya ɗauki abin da gaske. A gida yakan ɗiga baƙin tabo a bango, ya ɗauki dutsen guga na gawayi ya miƙe hannu da shi yana kallon tabon har gumi ya keto masa. Matarsa ta ce tunda dutsen gugar yana hannunsa, ya taimaka ya goge mata zannuwa.

Bayan kamar shekara guda aka shirya gasa ta jiha, wadda daga cikinta za a zaɓi masu wakiltar jihar. Na bi shi, don ba a yin abu babu ni. Na tafi da zaton zan ji rugugi da warin albarushi, sai na tarar da wani dogon ɗaki shiru kamar ana jarrabawa. Masu harbi sun jeru, kowa ya ba da gefe, hannu ɗaya cikin aljihu, ɗayan a miƙe. Bindigar ta iska ce, harsashinta ɗan dalma ne da bai fi ƙwayar dawa ba, ƙararta kuwa tas, kamar an karya tsinke. Abin harbin takarda ce mai zobba-zobba a nisan mita goma, ana son a samu tsakiyarta. Sau sittin kowa zai harba. Na gaji, na yi hamma, na fita na sha ruwa na dawo, Yaya yana nan inda na bar shi: ya ɗaga hannu, ya sauke numfashi, ya tsaya cak, tas, ya sauke hannu. Wasu in sun kuskure sai su yi tsaki su girgiza kai. Shi fuskarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Da aka haɗa maki, shi ya zo na ɗaya.

Ranar na ji kaina ya yi girma kamar ni na harba. Na ce ya sake tsayawa yadda yake yi in ɗauke shi hoto.

Ya ce, "Aje wayar nan."

Na ce, "Haba Yaya, guda ɗai."

Bai yarda ba, amma dattijon ya kira shi ya gwada wa wani yadda ake tsayuwa, ni kuwa na ɗauka ta gefe. Hoton ya fito tsaf: ido ɗaya a kanne, hannu a miƙe, bindiga baƙa wuluk da wata tukunyar iska a ƙarƙashinta. Wanda bai sani ba zai rantse za ta fasa bango.

Akwai wani taubashinmu da ya taɓa cewa a wurin suna, Yaya zai tsufa cikin matattun agoguna. Wasa ne na taubasai, kowa ya yi dariya, har Yaya. Ni ne abin ya tsaya wa a rai shekara biyu. Saboda shi na tura hoton a zauren danginmu na waya, tun muna cikin mota, na rubuta a ƙasa: "Gwanin harbi na jiha baki ɗaya. Ɗan Tsibiri. Ba ya kuskure."

Kwana uku hoton ya dawo mini daga wani malami abokina na Bakura. An ɗora masa kiɗan mafarauta, an kuma ƙara rubutu cewa gwamnati ce ta horar da shi don ya jagoranci 'yan sa-kai. Ban ji tsoro ba a lokacin, wallahi daɗi ma na ji.

Ranar Talata, ana tsakiyar cin kasuwa, ina zaune a bakin shagon, sai ga dattawa uku daga Dakko. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da ruwa da gajiya, suka ajiye ƙullin goro. Sannan babbansu ya gyara murya.

"Mun ji labarinka, mun kuma ga hoto. So muka yi ka zaka ka tsaya muna lokacin girbi, ko kwana ukku. In mutanen daji sunka ji kana nan, ba su matsowa."

Yaya ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ɗan harsashi guda da ya ajiye don tunawa, ya ɗora masa a tafin hannu.

"Baba, wallahi bindigar wasa ta. Iska ka tura wanga abu. Takarda nika harbi, ita ma tana tsaye wuri guda. Bindigar ma ba tawa ta ba, tana can Gusau a kulle."

Dattijon ya juya dalmar a hannunsa, ya dubi 'yan'uwansa, suka yi murmushi.

"Haka na, haka na. Mai abu ai ba shi hwaɗi."

A nan na gane ɓarnar da na yi. A wurinmu duk wanda ya ce yana da asiri maƙaryaci ne, wanda ya musanta kuma shi ne mai shi na gaske. Shirun Yaya da sunkuyar da kansa, waɗanda a da ake yi wa kallon sanyin hali, sun koma shaida a kansa. Suka tafi suna sa masa albarka, suka bar goron.

Ranar Alhamis Kawu, ƙanen Inna, ya zo daga Tsibiri. Bai ko sha ruwa ba. Ya ce mutanen daji sun tare wasu manoma a bakin gona, sun nuna musu hoton a waya, sun tambayi gidan su wane ne. A lokacin garin yana cikin wani lallaɓaɓɓen sulhu da su, ana noma ana ɗari-ɗari.

"Gobe kak ka zaka," in ji Kawu. "Bari ƙura ta lahwa."

Wannan ce Juma'ar farko da Yaya bai je ba. Ya yi wanka ya sa fararen kaya kamar kullum, ya zauna a kan baburinsa a ƙofar gida har aka kira salla.

Babu abin da ban yi ba. Na goge hoton daga wayata, kamar hakan zai goge shi a sauran wayoyin duniya. Na rubuta dogon bayani na tura, mutum biyu suka amsa da addu'a, ba wanda ya tura gaba. Na ɗauki kaina a bidiyo ina nuna ɗan harsashin kusa da ƙwayar dawa. Na je kasuwar Damri na zauna wurin mai shayi ina yi wa mutane bayani da rantsuwa, wani ya ce ai dole ƙane ya rufa wa wansa asiri. Na kusa marinsa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja, wani ya doka. Da Yaya ya zage ni, ko ya daina yi mini magana, da na samu sauƙi. Bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Da lokacin tafiya wakiltar jiha ya zo, ya aika wa dattijon nan na Gusau cewa a ba wanda ya zo na biyu. Bai sake taɓa bindigar ba.

Ni na karɓi zuwan Juma'a. Ba wanda ya damu da ni, kowa ya san baki kawai gare ni. Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta ambatar sunansa, ba ta kuma tambayarsa kai tsaye. Sai na gama zuba surutuna, na tashi tafiya, sannan ta dubi wani wuri ta ce, "Mutanen Mafara lahiya?" In na kira shi na miƙa mata wayar, su gaisa, lahiya lau, lahiya lau, ta miƙo mini abata. Kunyar da ta riƙe shekara arba'in da wani abu ba za ta sauke ta a waya ba. Mun roƙe ta ta zo Mafara ko na mako guda, ta ce sai an cire amfanin gona. Aka cire, ta ce sai sanyi ya wuce. Ƙura kuwa ba ta lafa ba.

Da damina ta zagayo, dawa ta rufe hanya har mutum ba ya hango gabansa, sai ciwo ya kwantar da ita. Cikin kwana kaɗan ta kai ba za ta iya zaman babur ba, mota kuma ba ta shiga saboda laka. Wata safiya matar Yaya ta kira ni ta ce ya fita da babur bai ce komai ba. Na kira Kawu, na hau nawa na bi shi. A Maradun na tarar da su a bakin hanya, Kawu ya riƙe kan baburin da hannu biyu.

"Ɗana, ba kai ɗai na ba. In anka gane ka cikin gari, cewa za su yi mun ɗauko mai bindiga. Mata na zuwa gona, yara na kiwo. Mi kaka so in ce ma mutane?"

Yaya ya ce, "In gan ta dai, Kawu. Ba ni ko zama."

"Ita tac ce in tare ka."

Ban san ko gaskiya Kawu ya faɗa ba, har yau ban tambaye shi ba. Yaya ya daɗe yana kallon hanyar, sannan ya juya baburin. Ni na wuce Tsibiri, ina tuƙi ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina zagin kaina da babbar murya.

Kwana biyu bayan haka ta rasu, da hantsi. Aka ce za a yi jana'iza bayan azahar. Na kira Yaya na faɗa masa. Ya yi salati, sannan ya ce in an tsaya salla in kira shi in bar wayar a kunne. Na san malamai za su ce ba a bin salla ta waya. Shi ma ya sani. Ji kawai ya ce yana so ya yi.

Da aka daidaita sahu na kira shi, ya ɗauka, na sa wayar a aljihun gaba na rigata. Liman ya yi kabbara huɗu, aka sallame. Na ciro wayar don in ce masa an gama, sai na ga kiran ya daɗe da yankewa. Sabis ya ɗauke, bai kuma dawo ba sai da muka baro maƙabarta.

Washegari na same shi a gida, mutane sun ɗan ragu. Na zauna kusa da shi na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara.

"Na ji kabbara ta farko," ya ce. "Sauran ukkun ni na ƙiyasta. Ban sani ba ko na riga ku sallamewa."