Ƙyauren raga da gwiwar surukata

Damina ce, lakwal, wato makarantar boko, a rufe, ni kuma ban iya hutu ba. Malamin da aka raba da alli kamar kaza ce da aka kwashe wa ƙwai, sai zagaye. In shiga ɗaki, in fito, in dubi dutsen bayan Filinge, in koma. A shekarar aka haifa mana ɗiya ta biyu, sauro kuwa ya riga dangi zuwa barka.

Ƙyauren ɗakinmu na katako ne da ragar waya. Ya fara sunkuyawa, gindinsa na jan ƙasa, sama ta bar kafar da yatsu za su shiga. Ranar da na ga kumatun jaririya duk cizo, na je na ari guduma.

Na ƙara ƙusoshi. Ya miƙe, bai jima ba ya koma ruku'u. Na tuna abin da nake koya wa yara, cewa mai kusurwa huɗu na karkacewa, mai uku ba ya motsi. Na ja waya daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, na murɗe ta tamau. Ƙyaure ya tashi tsaf, har na so a ce ɗalibaina suna nan. Kafin Juma'a ya sake jan ƙasa.

Surukata ta zo daga Sanam don wankan jego. In ina ɗaki ba ta shiga, ba ma haɗa ido, gaisuwarmu daga bayan bango ce. Saboda haka akwai abin da kowa a gidan ya gani ban da ni.

"Mushe, gyaran nan naka shi za ya kashe ƙyauren ga," in ji matata, mai kirana Mushe kamar yadda yaran lakwal ke kiran malami.

"Katakon ne ɗanye."

"Katako lahiya lau shike. Inna ce. Kana ciki ba ta shigowa, sai ta buɗe ta jingina bisa, mu yi ta hira. Gwiwa ba ta barin ta tsayuwa."

"To ki hwaɗa mata."

"Kai hwaɗa mata mana, kai da ka yi karatu."

Na ce in kafa gwafa a bakin ƙofa ta riƙa dafawa. Matata ta ce Inna ba akuya ba ce. Na ce kujera. Ta ce wace tsohuwa za ta zauna bakin ɗakin surukinta kamar mai jiran sadaka.

"To mi za a yi?"

"Mi ya hana ka hita?"

Washegari na sake murɗa wayar, na ɗauki littafi na nufi gindin dogon yaro wurin masu shayi. Can ma zama ya gagare ni. Na zaga tasha, na zaga rumfunan kasuwa da babu kowa ciki.

Da azahar na dawo. Takalman surukata na bakin ɗaki, ƙyaure a rufe ruf, ina jin ta ciki tana yi wa jaririya tawai. Na duba saman ƙyauren: ko allura ba ta shiga. Na juya a hankali, na koma tasha.