Abokan Wasa Daga Indiya da Pakistan

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, gwamnati ta gina makarantu fiye da malaman da take da su, sai ta shiga ɗauko su daga Asiya. Makarantar 'yan mata da nake koyar da Hausa a Gombe ta samu biyu: wani dogon Ba'indiye mai koyar da fizis, da gajeren mutumin Pakistan mai gemu, malamin kemistiri. Gidajensu a Pantami katanga ɗaya ce ta raba su. Ɗakin gwajin kimiyya ma ɗaya suke shiga, makullinsa ɗaya.

Sai ƙasashensu suka kaure da yaƙi. Daga ranar gaisuwa ta mutu. Wanda makulli ya riga shiga hannunsa sai ya jefa aljihu ya yi gida, ɗayan ya tsaya bakin ƙofa da ɗalibai yana huci. Aka yanko makulli na biyu a unguwar Bolari, washegari aka tarar an canja kwaɗo. Manyan mutane fa, masu digiri! Can sai malamin kemistiri ya nemi a mayar da shi Bauchi. In ya tafi, 'yan aji biyar za su shiga jarrabawar fita babu malami, kuma a cikinsu akwai autarmu, wadda na riƙe tun rasuwar mahaifinmu. Ita dai likita take so ta zama. Da ta dawo gida tana kuka tana cewa, "Yaya, shi ke nan tawa ta ƙare," wallahi raina ya ɓaci ƙwarai.

Ni Babarbariya ce. Abin da na tashi na sani shi ne, waɗanda kakanninsu suka yi yaƙi, jikokinsu wasa suke yi. Mu da Fulani mun gwabza a da, yau babu Bafulatanin da zai gifta ni ban kira shi bawana ba. To ni a lissafina waɗannan biyun abokan wasa ne, ba a dai sanar da su ba.

Lokacin hutun tara, ɗakin malamai a cike, na dubi mutumin Pakistan na ce da Turanci, da ƙarfi, "Malam, ga bawanka can ya riƙe makulli. Ba za ka aike shi ya buɗe maka ba?"

Tab! Ba'indiyen ya miƙe tsaye, shayi na zuba a hannunsa. Na ce a raina, yau na jawo wa kaina.

Allah Ya kawo malamin lissafi, wani dattijon Bafulatani da muka saba tsiya. Ko kansa bai ɗaga daga littafi ba ya ce, "Ku yi haƙuri da ita, baiwata ce. Tun da kakana ya sayo kakarta ba su yi hankali ba."

Na ce, "Ji min mai ƙafa kamar sillen kara! Ba don mu ba, wa zai raba ku da bin saniya ya koya muku karatu?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Baƙin nan biyu suka tsaya suna jiran a ba hamata iska, sai suka ga dattijon ya ɓare goro ya miƙo mini.

Mutumin Pakistan ya tambaye shi, "An kashe mutane a tsakaninku?"

"Da yawa."

"Kuma kuke dariya?"

"To kuka za mu yi har tashin ƙiyama? Duk abin da ta faɗa mini, ba ni da ikon yin fushi. In kuma wani abu ya same ta, ni zan fara isa ƙofar gidanta."

Sai mutumin Pakistan ya ce ƙaninsa soja ne, yana tsare a hannun Indiya. Ba'indiyen ya ce ɗan yayarsa ma ya tafi bakin daga, har yanzu ba labari. Duk da haka ban janye ba. Na ce, "Allah Ya kuɓutar da su. Amma ƙanwata ba ta harbi kowa ba."

Ba su shirya ranar ba, sai na bi ta kan matansu. Matar Ba'indiye tana da ganyen shayi da yaji na garinsu, shinkafarsu doguwa mai ƙamshi kuwa ta yanke mata. Maƙwabciyarta tana da shinkafar har buhu, shayi take nema. Gwamnatocinsu sun hana ciniki tsakaninsu, amma ni ban ga soja a kan katangar Pantami ba. Na ɗauki kwanon shayi daga wannan gida na kai wancan, na ce wa matar gidan a nan garin ba a mayar da kwanon maƙwabci babu komai a ciki. Ta cika shi da shinkafa. Daga nan kwano ya riƙa tsallaka katanga ba da ni ba.

Wata safiya gajeren ya shigo ɗakin malamai, ya tsaya gaban dogon, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Bawana, kawo makulli."

Ba'indiyen ya zaro makullin a hankali, ya ɗaga shi can sama da kansa, ya ce, "Ubangida, yi tsalle."

Kuma ya yi! Gemu na rawa, ya yi tsalle ya cafke. Dattijon Bafulatani ya yi dariya har hularsa ta faɗi. A makon malamin kemistiri ya janye maganar komawa Bauchi, suka shiga koyar da 'yan aji biyar har ranar Asabar, suna tsokanar juna ɗalibai na dariya.

Ranar da sakamako ya fito, autarmu ta ci fizis, ta ci kemistiri. Na manta ni malama ce, na rangaɗa guɗa a gaban ofishin shugabar makaranta. Yau ita ke duba hawan jinina, tana yi mini faɗa a kan gishiri.